Yadda za ka bi diddigin tarihin tashar rada ta soja

Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Samaru masu rubuta kundin kammala karatu sukan biyo ni Palladan, saboda na tsufa a gyaran na'urorin sadarwa na jirage. Duk wanda ya zaɓi tsaron sararin sama, tambayarsa ta farko ita ce ina zai samo hoton rada, na'urar da ke hango jirage daga nesa. Ɗana, ajiye maganar hoto tukuna.

Fara da zaɓar tashar da ta daina aiki. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar hoton wuraren tsaro ba da izini ba, sojan da ke bakin ƙofa kuma ba ruwansa da katin ɗalibi. Tsofaffin tashoshin Ingila sun fi sauƙin bi. Bawdsey ta fara aiki a 1937, ita ce ta farko a jerin tashoshin rada na Birtaniya da ake kira Chain Home. Neatishead ta buɗe a 1941, yanzu akwai gidan tarihin rada a cikinta. Littattafan da rundunar sojan saman Birtaniya, RAF, ke rubuta ayyukan yau da kullum suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan, kana iya duba jerin sunayensu ta intanet daga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke jami'arku.

Daga nan ka buɗe taswira, ka tambayi kanka: wa ake tsoro? Ba a kafa rada don ado. Chain Home ta bi gaɓar gabas da ta kudu ne don jiragen Jamus. Layin tashoshin rada na DEW da aka kammala a 1957 a Alaska da arewacin Kanada jiragen Tarayyar Sobiyet yake dako.

Dole ka ɗan san aikin na'urar, in ba haka ba za ka yi ta kwafar abin da ba ka gane ba. Tana harba igiyar rediyo mai gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, ta jira amsa-kuwwa. In ta dawo cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, jirgin na nesan kilomita 150. Gwajin da Robert Watson-Watt ya yi a Daventry ranar 26 ga Fabrairu 1935 ma da tashar gajeren zango ta BBC aka yi shi, irin wadda iyayenmu ke kamawa da asuba. Ka kuma bambance rada iri biyu: wadda ke jiran jirgi ya faɗi ko shi wane ne, da wadda ke ganin ƙarfe ko ya yi shiru. Soja ta biyun yake dogaro da ita, don maƙiyi ba ya sallama. Shirin TRACON na sa ido da rada kan sararin saman Najeriya, da aka ƙaddamar a 2010, na hukumar kula da sararin samaniya ta NAMA ne, na zirga-zirgar jiragen farar hula, kada ka cusa shi a babin soja.

Babi mafi nauyi a ganina shi ne: wanda ya ga abu a allo, wa yake gaya wa? Ranar 7 ga Disamba 1941, ƙananan sojoji biyu a tashar Opana ta Hawaii sun hango tarin jirage daga nesan fiye da kilomita 200. Suka buga waya, hafsan da ke bakin aiki ya ce kada su damu, a zatonsa jiragen Amurka ne ƙirar B-17 da ake sa ran isowarsu. Ba a cika awa guda ba Japan ta afka wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor. Na'ura ta yi aikinta. Saboda haka ka zana hanyar da labari ke bi, daga mai kallon allo zuwa ɗakin tace bayanai zuwa mai ba da umarnin tashin jirage, ka nemo minti nawa kowane mataki ke ci.

In kana son dangantawa da gida, rundunar sojan samanmu a 1964 aka kafa ta, kuma akwai tsofaffin jaridun zamanin yaƙin basasa a Kaduna. Akwai kuma dattawa 'yan fansho a Sabon Gari da Tudun Wada. Ka je da sallama da ɗan goro, ka ce, "Baba, ilimi na zo nema." Kada ka tambaye shi zangon da na'ura ke aiki a kai, zai ɗaure fuska, kuma da gaskiyarsa. Tambaye shi aikin dare, da man janareta, da yadda ƙurar hunturu ke shiga kayan aiki.

Shekaru kam kada ka ɗauka daga baki ɗaya. Gobarar da ta tashi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na Neatishead a 1966, ta ci ran 'yan kwana-kwana 3, irinta ce kowa ke tunawa amma ya saɓa shekara. Sai ka ga takarda ta yarda da bakin dattijo kafin ka rubuta.