Masu Python: kafin ku rage girman hoto, ku duba lamba 274

Salam 'yan uwa. Duk mai rubuta kod da ke karɓar hotuna, ka sa layin nan da zarar ka buɗe hoton da Pillow, laburaren Python na sarrafa hotuna:

hoto = ImageOps.exif_transpose(hoto)

Dalili kuwa, portabul da yawa ba sa juya hoton da ka ɗauka a tsaye, a kwance suke ajiye shi sai su rubuta a cikin EXIF, wato bayanan da kyamara ke ɓoyewa cikin fayil ɗin hoton, a lamba 274, cewa a juya shi lokacin nunawa. In ka ga 6 a wurin, juyi ne na digiri 90 ta hannun dama.

Galeri na karanta wannan, kod ɗinka bai karantawa sai ka ce mishi. Shi ya sa hoto.size zai ba ka faɗi 4000 da tsayi 3000 alhali mutum a tsaye yake, ka buga hotunan katin ɗalibai duk kawuna sun kalli gefe, takarda da tawada sun tafi a banza.

Ranar da aka ɗauki hoton kuma ba ta saman abin da hoto.getexif() ke ba ka, tana ciki, sai ka bi ta hoto.getexif().get_ifd(0x8769) ka nemo lamba 36867.

Amma fa hoton da ya biyo ta WhatsApp a matsayin hoto an share mishi EXIF, ba rana ba GPS. Ka ce a turo maka shi a matsayin dokima, ko da zai ci forfe kaɗan.

Kuma kada ka rantse da ranar nan, in agogon wayar ba daidai yake ba ita ma ƙarya za ta faɗa maka. Mu nan Maradi wayoyin hannu-biyu sun yi yawa.