Yadda ake canza fad ɗin birkin babur da sabunta man birki

Wannan bayani na babur mai birkin faifai ne a gaba. Irin Boxer mai birkin ganga waya ke jan birkin, ba ya aiki da man birki.

Haska fitila cikin kalifa, wato mazaunin da ya rungume faifan. Idan naman fad ɗin, wato ɓangaren da ke gogar faifan, ya koma milimita 2, ko tsagin da ke tsakiyarsa ya shafe, lokaci ya yi. Kada ka jira ƙarfe ya fara kuka, don a lokacin faifan ake ci, kuma ya fi fad tsada nesa ba kusa ba. Tafi da tsohon wurin masu kayan gyara a gwada da sabon.

Ɗora babur a babban jak. Kwance notuna biyu da ke riƙe da kalifa, galibi da sifana 12 ko 14, ka ɗaure shi da waya kada ya yi reto a jikin tiyon mai. Zare fin da ke riƙe da fad, ka lura da yadda ɗan sifirin ya zauna, sannan ka cire fad ɗin. Daga nan kada kowa ya taɓa hannun birki, in ba haka ba fistin zai fito waje.

Nan ne masu gaggawa ke ɓata aiki: sukan tura fistin ciki da dattinsa. Jar ƙurar rani da taɓon damina kan daskare a wuyansa, in suka shiga sai su yage robar da ke tare mai. Wanke shi da buroshin haƙori da ruwan sabulu, ban da fetur ko kananzir, domin suna kumbura roba. Sannan ka buɗe murfin kwanon man birki da ke jikin hannun birki, ka mayar da tsohon fad, ka danna da sukudireba a hankali har fistin ya koma. Man zai taso sama, sai ka kare tanki da tsumma, don yana cin fenti.

Saka sababbi, ka shafa giris ɗan kaɗan a sandunan da kalifa ke zamewa a kai, ko ɗigo kada ya taɓa fuskar fad ko faifai. Ɗaure notuna, ka matsa hannun birki sau da yawa har ya yi tauri kafin ka hau. Yi 'yan tsaye-tsaye masu laushi kamar goma a hanyar da ba cunkoso.

Man birki kuwa shi aka fi mantawa, kuma shi ya fi damunmu a Jos. Yana tsotsar danshi daga iska. Sabon mai samfurin DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 155. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, ruwan nan ya zama tururi, ka matsa hannu ya lume har jikin kan babur, taya na ci gaba da gudu. Shi ya sa ake canza shi duk shekara 2, ko da zarar ya rine kamar baƙin shayi.

Karanta murfin kwanon man ka sayi abin da aka rubuta, DOT 3 ko DOT 4, a kwalba mai hatimi. Ƙarama ta mililita 250 ta isa. DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da su. Man juye da ake aunawa a buɗaɗɗiyar gora, ka bar shi.

Sa siririn tiyo mai nuna ciki a ɗan nonon kalifa, wato notin da mai ke fita ta cikinsa, ɗaya bakin a cikin kwalba. Matsa hannu ka riƙe, sassauta nonon kwatan juyi da sifana 8, mai ya fita, ka rufe, sannan ka saki. In ka saki kafin ka rufe, iska ce za ta koma. Riƙa ƙara sabo a sama kada kwanon ya ƙafe, har abin da ke bin tiyo ya fito garau babu kumfa. Cika zuwa layin sama, ka rufe. Idan har yanzu hannun na da laushi, ɗaure shi a matse da roba ya kwana, da safe ka sake fitar da iskar.