Yadda za a sa randa ta ƙara sanyaya ruwa a bazara

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tun da bazara ta kama a Damagaram, zafi yana wuce digiri 40, wutar lantarki kuma tana yawan ɗaukewa, na ga ya dace in tunatar da mu yadda ake kula da randa.

Jikin randar yumɓu yana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, busarwar nan kuwa ita ce take janye zafi daga ruwan da ke ciki. Shi ya sa idan ka dafa jikin randa mai kyau, irin ta garin Mirriya da ke kusa da Damagaram, za ka ji danshi a tafin hannunka. Saboda haka kada a shafa mata fenti ko siminti don ado, domin hakan yana toshe ƙofofin, sai ta koma kamar robar ruwa.

A ajiye ta a inuwa inda iska take ratsawa, a kan jiƙaƙƙen rairayi, a kuma lulluɓa mata jiƙaƙƙen buhun algarara idan rana ta take. Da damina sanyin yana raguwa, saboda iskar tana ɗauke da laima.

Abin da ya fi damuna shi ne tsabta, domin sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta. A rufe bakinta da faifai, a ware mata moɗa guda mai dogon mariƙi wadda ba a sha da ita, a kuma wanke cikinta kafin a zuba sabon ruwa.