Yadda za ku riƙe matasa a coci kar su watse

Da farko dai ku daina mai da matasa masu shara da jera kujeru kawai. Eh, hidima ce, amma in ita kaɗai ake ba su wata rana sai dai ku ga benci wayam. Ku ba su aiki na gaske, wannan ya karanta nassi ran Lahadi, waccan ta ja waƙa a kwaya, wanda ya iya waya ya riƙe shafin Facebook da guruf ɗin WhatsApp, har wajen ƙirga baiko ma a sa ɗayansu ya zauna da dattawa ya ga yadda ake yi. Ai Bulus ma ya gaya wa Timoti kar ya bari a raina ƙuruciyarsa, ku duba 1 Timoti 4:12.

Ku raba su bisa shekaru, ɗan shekara 13 da mai 28 da ke neman aure damuwarsu ba ɗaya ba ce.

Shi kuma shugaban zumuntar matasa don Allah ya rage dogon wa'azi, ya bari su yi tambaya ko da mai nauyi ce, soyayya, shaye-shaye, shakka kan bangaskiya, kuma abin da yarinya ta faɗa masa a asirce kar ya zama misalin wa'azin mako mai zuwa, daga ranar ba mai sake buɗe baki. Wasa ma ba ɓata lokaci ba ne, da fareti William Alexander Smith ya jawo yaran makarantar Lahadi da ya kafa ƙungiyar yara maza ta Boys' Brigade a birnin Glasgow na Scotland a 1883.

In za a fita taron kwana, a nemi izinin iyaye tukuna, kuma manya aƙalla biyu su raka su, mace da namiji.