Ruwan kal a madafa da tsakar gida: awo da wuraren da ba a kai shi

Kafin a zuba ruwan kal, wato binegar, a cikin komai, a juya kwalbar a duba lambar da ke jikinta. Farin na girki yawanci 5 zuwa 8 cikin 100 ne tsaminsa, sauran duk ruwa ne. Wanda aka rubuta wa 12 ko 14 na wanke-wanke ne, ba na ci ba. Wanda kuma aka ɗura a gorar da ba takarda, gara a bar shi, don ba a san ƙarfinsa ba. Duk awon da ke ƙasa na farin girki ne.

Lokacin sanyi, da salati da tumatir na garake suka cika Kasuwar Dole ta Damagaram, aikin kal ya fi yawa. Cokali 1 na kal, cokali 3 na man gyaɗa. A fara narkar da gishiri cikin kal ɗin, sannan a zuba mai a kaɗa, domin gishiri ba ya narkewa cikin mai. In an juya tsarin, sai a riƙa jin sa tsakanin haƙora. Kada a zuba wa ganyen sai za a ci, in ba haka ba ya yi laushi ya kwanta. In da ƙuli-ƙuli, a ƙara rabin cokali, don yana shanye tsamin. Amma fa jiƙa salati a ruwan kal ba ya kashe dukkan ƙwayoyin cuta. Wanki ganye-ganye da ruwa mai tsabta yana nan dole.

Albasa mai yaji: a yanka siriri, a zuba kal kofi 1, ruwa kofi 1, gishiri ƙaramin cokali 1, sukari babban cokali 1. Bayan minti 30 yajin ya kwanta. A kwalbar gilashi cikin firigo tana kai mako 2.

Mai awara da ta rasa ruwan tsami ko tsamiya tana iya amfani da shi. A kowace lita ta madarar soya, a sirka cokali 2 cikin rabin kofin ruwa. A sauke tukunya, a bari tafasar ta lafa, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana juyawa a hankali. Da zarar madarar ta dunƙule, ruwan da ke sama ya washe ya yi ɗorawa-ɗorawa, a dakata ko da bai ƙare ba. In ya yi yawa, awarar ta yi tsami ta riƙa marmashewa cikin mai.

Nama kilo 1, cokali 2 sun isa, awa 1 ko 2. In ya kwana, saman naman ya ruɓuɓɓushe, cikin kuwa yana nan da taurinsa. Wake ba a sa masa sai ya nuna, tsami yana hana shi laushi. Kanwa da kal kuma kowane kashe ɗan'uwansa yake. Haka ma bikarbonat, wato hodar soda ta girki: kumfar da ake gani in an haɗa su alama ce ƙarfinsu ya tafi.

Farar dauɗar da ruwa ke bari a gindin butar shayi, nan ne ya fi gwaninta. Rabi kal, rabi ruwa, a tafasa, a bari awa 1, a ɗauraye, a sake tafasa ruwa zalla a zubar. Wuƙa ko almakashi mai tsatsa a tsoma ya kwana, da safe a dirje, a busar nan take a shafa mai, don tsatsar ba ta jira. Maiƙo kuwa aikin sabulu ne.

Kada a zuba shi a daɓen siminti ko dutsen marmara, yana cin su. Kada a ajiye abinci mai kal cikin tukunyar alminiyam, tsamin na janyo ƙarfen cikin abincin. Shan sa tsura yana cin haƙora, yana kuma tayar wa mai gyambon ciki da ciwo.

Babban haɗarin shi ne jabel, wato ruwan bilic na wanki. Haɗa shi da kal yana fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu, musamman a ƙuntataccen makewayi. Ko bokiti ɗaya kada su yi tarayya sai an ɗauraye. In an riga an haɗa, a fita waje nan da nan, a buɗe ƙofa da taga, a janye yara. In tari ko sarƙewar numfashi ya ƙi lafawa, a tafi asibiti.