Babi na Shida: Aksil da Boris na Tirelar Kwale-kwale

Masunta da masu fito a tafkunan Lagdo da Maga, da bakin kogin Logon a arewacin Kamaru, sukan ɗora kwale-kwale a kan ƙaramar tirela, mota ta ja shi zuwa wani mashigi ko wurin gyara. Aksil shi ne sandar ƙarfen da ke kwance a ƙarƙashin tirelar, wili ɗaya a kowane kai. Idan aka ce "aksil ya karye", sau da yawa ba shi ne ya fara lalacewa ba. Boris ne, wato ƙarfen da ke sa wili ya juya sumul a kan aksil, ya mutu tun tuni, ba wanda ya kula.

Yadda ruwa ke kashe boris

Daga Garwa zuwa Lagdo tafiyar ta wuce kilomita 50. Kafin a isa, cibiyar wili ta yi zafi. Idan aka tura tirelar cikin ruwa nan take, iskar da ke cikin cibiyar sai ta huce ta tsuke, ta zuƙo ruwa ta gefen robar da ke tare giris. Ruwan Lagdo da na Maga ba su da gishiri, amma da damina cike suke da laka da yashi. Ruwa yana tsinka giris, yashi yana goge ƙarfe, tsatsa kuma ta ci sauran yayin da tirelar ke ajiye. A tafiya ta gaba boris ya farfashe, kan aksil ya ƙone, wili ya fita.

Maganin ba ya cin ko sisi. In kun isa bakin ruwa, ku jira minti 20 zuwa 30. Ku kwance igiyoyi, ku shirya kaya, ku taɓa cibiyar da bayan hannu. In ta huce, sai ku shiga. Kuma kada ku nutsar da wilin fiye da yadda ake bukata.

Dubawa kafin tafiya

Ku sa dutse a gaba da bayan ɗaya tayar, ku ɗaga tirelar da jak, ku tokare ta da katako mai kauri. Kada kowa ya sa hannu ƙarƙashin abin da jak kaɗai ke riƙe da shi. Ku kama taya sama da ƙasa ku girgiza. Motsi ɗan kaɗan ba laifi, amma in tana kaɗawa har da ƙara, akwai matsala. Ku juya ta ku saurara: gurnani ko ƙarar yashi alama ce boris ya tafi. Sai ku cire murfin cibiya ku duba giris. In ya yi fari-fari kamar kindirmo, ruwa ya shiga. In ya yi ja, tsatsa ce.

Canza boris

Ku tanadi boris biyu, na ciki da na waje, kowanne da zobensa, da sabuwar robar giris, da sabon fil mai hana noti kwancewa, da giris mai jure ruwa kamar rabin kilo, da kananzir, da tsumma mai tsabta. Lambar boris tana rubuce a jikinsa. Misali, 30205 raminsa milimita 25 ne, 30206 kuwa milimita 30. Ku tafi shago da tsohon a hannu, kada ku saya da ido.

1. Ku cire wili, sannan murfi, fil, noti da washa.
2. Ku jawo cibiyar. Boris na waje zai faɗo, ku tare shi kada ya sha ƙasa.
3. Ku fitar da robar baya da boris na ciki, ku wanke komai da kananzir, ku bari ya bushe.
4. Ku bugo tsofaffin zobba waje, ku shigar da sababbi a hankali har su zauna daram. Sabon boris a kan tsohon zobe asarar kuɗi ce.
5. Ku zuba giris a tafin hannu, ku riƙa danna faffaɗan gefen boris a kai har giris ya ɓullo ta ɗaya gefen. Shafawa a sama kawai ba ta wadatar ba.
6. Ku sa boris na ciki, ku buga sabuwar roba, bakinta na duban giris. Ku mayar da cibiya, da boris na waje, da washa, da noti.

Wurin ɗaure notin nan ne ake yawan ɓata aiki. Ku ɗaure shi da sifana kuna juya cibiyar don boris ya zauna. Sai ku sassauta shi, ku sake ɗaurewa da yatsu kawai, ku ja shi baya kaɗan har ramin fil ya bayyana. Ku sa sabon fil ku tanƙwara ƙafafunsa. Wanda ya ɗaure noti tamau yana ganin ya kyauta, nan kuwa boris zai ƙone kafin a je ko'ina. Bayan kilomita 10 na farko ku tsaya ku taɓa. Ɗumi daidai ne. Zafin da hannu ba ya iya jurewa, a sake buɗewa.

Kada a haɗa giris iri biyu, domin wasu in sun gauraya sukan tsinke su zube.

Idan aksil ɗin kansa ne

Ku duba kan aksil inda boris ke zama. In ya yi shuɗi saboda zafi, ko farce yana maƙalewa a cikin zane, ko sabon boris yana yawo a kai, ya gama aiki. Wasu masu walda sukan cika wurin su goge. Wannan na iya kai ku gida a hankali, ba na ɗaukar kaya ba ne, don walda tana raunana ƙarfen a daidai inda nauyi ya fi yawa. Haka ma sifirin, ba a yi masa walda, canzawa ake yi.

Taya da ke cinyewa ta gefen ciki tana nuna aksil ya lanƙwashe saboda lodi ko rami. Aksil mai rami a ciki kuwa daga ciki yake ruɓewa. Ku ƙwanƙwasa shi da guduma, in kun ji tsatsa tana zuba a ciki, ku nemi wani.

Kafin a sayi sabo, a yi lissafin nauyi: tirelar, da kwale-kwalen, da inji, da mai, da raga. Inji mai ƙarfin doki 40 yakan kai kilo 70. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka ruwan da aka bari a cikin jirgi kaya ne, a kwarfe shi kafin a tashi. Katakon da ya daɗe a ruwa ma ya fi busasshe nauyi nesa ba kusa ba. A zaɓi aksil da ya zarce jimillar da kamar kashi ɗaya cikin biyar, a kuma tabbata sifirin da tayoyi za su ɗauki hakan. Wanda aka yi wa rufin hana tsatsa ya fi tsada, amma ga tirelar da ke shiga ruwa ya cancanci kuɗinsa.

Wajen ɗaurawa, a sa sababbin ƙarafan da ke maƙale aksil da sifirin. In aksil ɗin yana da ɗan doro, doron ya dubi sama. A auna daga maƙalin mota zuwa kowane kan aksil, bambanci kada ya wuce milimita 5, in ba haka ba tirelar za ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya. A ajiye kwale-kwalen yadda kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin zai danna maƙali. In nauyi ya koma baya, musamman da inji a rataye, tirelar takan fara wutsil-wutsil da zarar mota ta ɗauki gudu.