Sola da batir da wutar NEPA a gida ɗaya: kurakuran da ke cinye kuɗin mutanen karkara

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareta ya fi ƙarfin yawancin magidanta. Duhun da Arewa ta kwana a ciki a watan Oktoban 2024, bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, ya ƙara tura mutane wajen sola. Yanzu daga Ɗambatta zuwa Kazaure, daga Wudil zuwa Birnin Kudu, in ka ɗaga kai sai ka ga farantai suna ƙyalli a kan kwano. Abin farin ciki ne. Amma kukan da ake yi kusan iri ɗaya ne a ko'ina: batir bai shekara ba ya mutu, fanka tana tsayawa ƙarfe biyun dare, inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin wadda kayan gida ke sha, ta ƙone ranar da aka kawo wuta. Abin da ke ci mini rai shi ne wasu sai sun sayar da rago ko buhunan riɗi kafin su haɗa kayan, kuma yawancin asarar ana iya kauce mata tun a takarda.

Kuskuren farko ana yin sa ne tun ba a bar gida ba. Mutum zai shiga kasuwar Sabon Gari ya ce wa mai shago, "Ga abin da ke hannuna, haɗa mini wanda zai ɗauki gida." Mai shago bai san gidanka ba. Kai za ka zauna ka rubuta kowane kayan wuta, wat nawa yake ja, awa nawa zai yi a kunne. Misali: ƙwan wuta shida masu wat 10 na awa biyar, shida sau 10 sau biyar, 300 ke nan. Fanka biyu masu wat 70 na awa takwas, 1,120. Talabijin mai wat 60 na awa huɗu, 240. Ka ƙara cajin wayoyi, ka doshi 1,700 a dare ɗaya, ba a ma zo kan firiza ba.

Yanzu dubi batir. Wanda aka rubuta wa bolt 12, amfiya 200, lissafinsa 12 sau 200, wato 2,400 ne. Nan mutane ke ruɗuwa, su ce ai ɗaya ya isa har da rara. Amma batirin ruwa, irin mai ruwan asid a ciki, rabinsa ne kawai naka, wato 1,200. Kamar rumbu ne: akwai na ci, akwai iri, kuma wanda ya cinye iri ya kashe daminar baɗi. Duk daren da ka tatse batir har inbata ta yi ƙara ta mutu da kanta, ka gutsure kwanakinsa. Gidan da muka lissafa batir biyu yake bukata, ko kuma a rage kaya. Rage kayan ya fi sauƙi: fankar sola mai aiki da bolt 12 ba ta jan ko rabin abin da fankar sama ke ja. Dutsen guga da hitar dafa ruwa kuwa, kowannensu yana jan wat 1,000 ko fiye, a bar su sai an kawo wuta. Haka famfon sumo, a ja ruwa da hantsi zuwa azahar lokacin da rana ke ba da wuta kai tsaye, kada a bari sai magariba.

Ita kanta inbatar tana cin nata ko ba a kunna komai ba. Babba takan ci wat 30 zuwa 50 tana zaune, wanda a dare guda ya kai abin da ƙwayayen wutar gidan duka suka ci. Sayen inbata ƙatuwa a kan batir ɗaya don a ce an sayi babba asara ce. Sai dai mai firiza ya sani cewa a lokacin tashi takan fizgi ninki uku ko fiye na abin da aka rubuta a jikinta, don haka inbatarsa ta zama mai iya ɗaukar wannan fizgar.

Kuskure na gaba shi ne batir da yawa, faranti kaɗan. Faranti mai wat 300 a ƙasarmu yakan tara kimanin 1,200 a wuni mai kyau, daidai abin da batir ɗaya ya rasa da dare. In ka ɗora batir biyu a kan faranti ɗaya, kuma ana ta shan wuta da rana, ba za su taɓa cika ba. Batirin ruwa da ke kwana ba a cike ba, wani farin gishiri yake kama ƙarafan cikinsa ya daskare, daga nan ba ya ƙara riƙe caji. A watan Agusta, lokacin da hadari ke rufe rana kwana biyu ko uku a jere, abin ya fi tsanani. Wanda kuɗinsa bai kai ba, gara ya ƙara faranti a kan ya ƙara batir.

Sai wurin ajiya. An auna batir ne a kan zafin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri goma yana rage kusan rabin rayuwarsa. Mu kuwa a watan Afrilu zafi yakan haura 40 a inuwa. Duk da haka za ka tarar an cusa batura a ɗan sito mai rufin kwano, ba taga, an jibga buhuna a gefe. Ɗakin ƙasa mai rufin azara, mai taga biyu da iska ke ratsawa, ya fi masa. A ɗora shi a kan katako, kada a sa shi ɗakin kwana, domin yayin caji yana fitar da iskar da ke kama wuta. A riƙa duba ruwansa duk wata, a ƙara masa tataccen ruwan batir kawai. Ruwan rijiya da na burtsatse da na leda duk suna da gishirin da ke kashe shi, asid kuma ba a ƙarawa. Kada a haɗa sabo da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa. Batirin mota ba na wannan aikin ba ne. In za ka saya, ka ɗaga shi: na gaskiya mai amfiya 200 yana kusan kilo 60, wanda yaro zai iya ɗauka da hannu ɗaya akwai magana.

Batirin litiyam ya fi tsada, amma ana iya shan kashi 80 cikin ɗari nasa, ba ya neman ruwa, kuma ya fi daɗewa. Mai hali ya saye shi, amma a tabbata an canza saitin inbata zuwa nasa. Da yawa sukan bar ta a kan saitin batirin ruwa.

Maganar kafa faranti gajera ce. Ya kalli kudu, wato hannunka na dama in ka fuskanci gabas, da ɗan karkata na digiri 10 zuwa 15 don ruwa ya gangare da ƙura. A bar tazara tsakaninsa da kwano, saboda zafi yana rage masa ƙarfi. A ɗaure shi da ƙarfe da noti a jikin katakon rufi, domin iskar farkon damina ba ta san igiya da bulo ba. Inuwar reshen darbejiya ɗaya ko kashin tantabara a kusurwa yana iya rage wutar farantin sosai, tunda ƙwayoyinsa a jere suke haɗe. Da hunturu kuwa, in ka shafa yatsa a kan gilashin za ka ga layi ya fito a cikin jar ƙura, wannan ƙurar wuta take tarewa. A wanke duk mako da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe ko bayan la'asar. Ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi.

Waya ma ana yi mata rowa. Inbata mai jan wat 1,000 daga batir mai bolt 12 tana zuƙar fiye da amfiya 80. Siririyar waya za ta yi zafi, robarta ta narke, gobara ta tashi. Tsakanin batir da inbata a sa waya mai kauri, gajera, ta jan ƙarfe zalla. Akwai ta alminiyam da aka shafa wa ja; kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka mayar. A sa fis kusa da batir. A kafa sandar ƙarfe a ƙasa mai danshi a haɗa ta da inbata da ƙarafan farantai saboda tsawa.

Inda abin ya wuce asarar kuɗi shi ne haɗa sola da wutar gwamnati. Kano da Jigawa da Katsina duk KEDCO ke raba musu wuta, ko da yake har gobe NEPA muke cewa. Wasu sukan yi waya mai kai biyu, su soka ɗaya a inbata, ɗaya a soket na bango don wuta ta zagaye gida. Wallahi wannan ganganci ne da rai. In ba a raba gidan da layin waje ba, wutarka za ta bi waya ta hau fol, ta shiga taransifoma ta baya, ita kuma ta ɗaga ta zuwa dubban bolt. Ma'aikacin da ya hau gyara yana da tabbacin an ɗauke wuta, sai ta kama shi. In kuma aka dawo da wuta tana haɗe, inbatar ce za ta tashi. Gyaran shi ne makunnin canji, wanda masu wayarin ke kira canji-oba, irin mai yanke wayoyin biyu gaba ɗaya. Ko kuma inbata mai haɗa sola da NEPA da batir, wadda wutar gwamnati ke shiga ta ƙofa ɗaya, ta gida ta fita ta wata ƙofar daban.

Ko da irin wannan inbatar, kada a shigar mata da wutar layi tsirara. A ƙauyukan da ke ƙarshen layi wuta takan zo ƙasa-ƙasa, ƙwai ya yi ja kamar garwashi, wani lokaci kuma ta zo da ƙarfin da zai ƙone kaya. Akwai ƙaramar na'ura mai yanke wuta in ta yi yawa ko ta yi kaɗan, ta jira ta daidaita kafin ta sake ta. Kuɗinta bai kai ko kusa da na gyaran inbata ba. Sannan kada don wutar awa biyu take yi a ɗaga cajin NEPA har ƙarshe. Batirin ruwa mai amfiya 200, kimanin amfiya 20 ne cajinsa, fiye da haka sosai dafa shi ake yi.

Masu mita su saita inbata ta fara shan rana, NEPA ta zama mai cike gibi, in ba haka ba katinka zai ƙare alhali rana tana dukan farantanka a banza. Wanda ake kawo wa bil na ƙiyasi ya sani sola ba za ta rage masa ko sisi ba sai ya nemi mita. Akwai kuma masu jin labarin Turai da Amurka, inda ake sayar wa kamfani rarar wuta, su kunna saitin turawa waje. Wannan sai da yarjejeniya da kamfani da mita mai ƙirga shiga da fita. Wasu mitocin kati ma wutar da ka tura waje sukan lissafa ta a matsayin wadda ka sha. A bar saitin a kashe.

Ranar da mai haɗawa ya gama aiki, kada ka sallame shi sai an yi gwaji a gabanka. A lokacin da babu NEPA, a kunna inbata, gida ya haska, sannan ya ɗora na'urar awonsa a kan wayar da ta shigo daga fol. Dole ta nuna sifili. In ta nuna wani abu, a kashe komai nan take, a sake wayarin kafin a kwana.